Sana'ar Auta da Inuwar Tsamiya

A gidanmu ni ne babba, kuma ni ne wanda karatu ya hango ya canza hanya. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na taɓa zama, shi ma don malamin ajin yana sayen goro a wurina ne, kunya ta hana ni ƙin zuwa. Na fito da iya rubuta sunana da karanta lambar mota, sauran duk a hanya na tsinta. Autanmu kuwa karatu ya manne masa kamar ƙarangiya. Daga makarantar gari aka kai shi Birnin Kebbi, daga can Sakkwato, daga can kudu, sai kuma muka ji wai yana Turai.

A lokacin 'yancin kai bai tsufa ba, ƙasar da ke ƙetaren iyakarmu ma Dahomey take amsawa. Duk gidan da ya ba da yaro boko ya fara cin moriya. Wannan ɗansu ya zama di'o mai mulkin gunduma, wancan likitan shanu, wancan kwastan ne a bakin iyaka da hularsa mai baki. In ka tambayi iyayensu aikin yaro, kalma ɗaya za su faɗa maka su gyara zaman riga. Ni kuwa ranar kasuwar Lolo, ina zaune ƙarƙashin tsamiya ina yayyafa wa gorona ruwa, duk wanda ya tsaya sai ya ce, “Ina labarin Auta? Wane aiki ya samu?” In ce yana can yana ƙaro ilimi. Shekara ta zagayo, yana ƙaro ilimi. Har wani mahauci ya ce mini, “Wai shi wanga ilimi, a buhu mai huji aka zuba mai shi?” Na taya su dariya, don in ban yi ba su kaɗai za su yi.

Wani rani ya zo hutu mai ɗan tsawo, ya rame, aljihunsa duk garin alli. Bai daɗe ba sai ga shi yana kewaye-kewaye a zaurena yana sosa ƙeya. Ashe yarinya ya gani. 'Yar Illo ce, daga gidan wasu Dandawa masu sana'ar kifi, ta yi makaranta tana aikin ungozoma a ɗakin shan magani. Sun daidaita tsakaninsu, saura manya. Mahaifinmu ya rasu, nata ma haka. Saboda haka ni da Baffa, ƙanen mahaifinmu, mu ne masu nema. Mai bayarwa kuwa wan mahaifinta ne, wani dogon tsoho da ya bar kamun kifi ya koma fataucin banda, wato kyafaffen kifi. Lokaci kuma ba ya tare da mu: da ruwan farko Auta zai koma, ga kuma wani ɗan kwastan da aka ce kekensa ya riga ya san ƙofar gidan.

Na zaɓi goron da ni kaina ban yarda in ci irinsa ba, na jera a ƙwarya, muka tafi Illo. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare aka sake ɗauko ta daga farko. Baffa ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya ce ya san gidanmu, bai taɓa jin abin ƙi ba. Sannan ya juyo wajena.

“Shi yaron, mi shika yi?”

“Malami ne, Baba.”

“Madalla. Wace makaranta shika karantarwa?”

“Bai fara ba tukuna. Bincike yake yi.”

“Subhanallahi! Mi ya ɓace?”

Na ce ba abin da ya ɓace, irin binciken masu ilimi ne. Ya ce na mene ne? Na ce na kimiyya. Ya ce ita kimiyyar ci aka yi ko sha? Na duba Baffa, Baffa ya duba rufin zaure.

Tsohon ya gyara zama ya ce, “Ka gani, ɗana, ni gidana ba a ba da ɗiya da ka. In manomi na, mu aika a gano gona. In masunci na, a gano jirgi da taru. In tela na, a gano keke. Na taɓa ba wani ɗiya, anka ce ma'aikaci na a Ikko, ban aika an gani ba. Ran da ta dawo, don tsabar rama, sai da na tambaya ko wace ce. Tun daga nan na rantse. To naku kun ce aikinshi Turai shike, ba ni da wanda zan aika can. Kai za ka zama idona. Koma ka tambaye shi, ka zo ka faɗa min har in gane, yadda in an tambaye ni a ƙofar masallaci zan iya buɗe baki.”

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, a kira yaron ya yi bayani da bakinsa. Baffa ya take mini ƙafa. Tsohon ya dube ni kamar na shiga masallaci da takalmi. Mai neman aure ya zauna gaban waliyyi yana zuba? A wajenmu ko a hanya suka haɗu, yaro kaucewa yake ya tsuguna sai an wuce.

Da muka dawo na sami Auta na ce masa maganar ba ta da wuya, mu ce injiniyan lantarki ne, kowa ya huta. Ya ce, “Yaya, in suka kawo mini rediyo in gyara fa?” Na ce to mu ce likita. Ya ce matar da zai aura ungozoma ce, ranar farko za ta kama shi. Na ce to akawu. Ya ce shi ba zai fara zaman aure a kan abin da ba shi ba ne. Haka yake tun yana ƙarami, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

Haka na koma ɗalibi da furfurata. Kullum bayan azahar sai ya zo zaure da alli, ya mai da bangona allo.

“Yaya, ɗauki ƙwayar gero ka raba ta. Ka sake rabawa. Ka yi ta rabawa.”

“Sai ta zama gari.”

“Ci gaba.”

“Sai matata ta fito ta tambayi mai yi mata ɓarna.”

Bai yi dariya ba. Ya ce in aka ci gaba, can ƙarshe za a tarar da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, madubin likita ma ba ya gani, kuma da su aka gina komai: goro, ruwan kogin Kwara, ni kaina. Ya ce waɗannan abubuwa ba sa taɓa juna hannu da hannu. In ɗaya zai ja wani ko ya ture shi, ɗan aike yake turawa, kuma kowane irin ƙarfi da irin 'yan aikensa. Wannan na gane, don mu ma abin da muke yi ke nan a Illo.

Ya ce akwai ƙarfi biyu da suka dame shi. Na farko shi ne na haske da lantarki da maganaɗisu. Ɗan aikensa ba shi da nauyi ko kaɗan, shi ya sa yake tasowa daga rana ya iso nan Bagudo bai huta ba. Na biyu ana ce masa mai rauni, shi ke sa wani ɗan mitsitsi ya rikiɗe ya zama wani, kuma ba don shi ba da rana ba ta ci wuta ba. Nasa 'yan aiken nauyi gare su, ko bakin ƙofa ba sa kaiwa sai su zube. To masu lissafi sun gano cewa waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne, doka ɗaya ta haife su, kuma a dokar babu wanda aka ɗora wa kaya. Abin tambaya, me ya sa ɗaya ke tafiya wayam, sauran suna nishi?

“To me ya sa?” na ce.

“Shi ne aikin.”

“Na ji. Amsar nake tambaya.”

“Ba a tabbatar ba tukuna.”

“Su masu nauyin, ka gan su?”

“Babu wanda ya taɓa ganinsu. Lissafi ne ya ce suna nan.”

Na cire hulata na ajiye a gwiwa. Na ce, “Auta, duk shekarun nan da muke cewa kana ƙaro ilimi, kana can kana neman wanda ya ɗora wa wanda ba a taɓa gani ba kayan da ba a taɓa gani ba? Wannan zan je in faɗa wa mutumin da ke son a nuna masa taru?”

Ya ce in yi haƙuri, zai kawo misali. Kuma gaskiya misalin ya shige ni, shi ne ma ya kashe ni daga baya.

Ya ce in ɗauka ga fili fetal, babu bishiya, babu rijiya, babu hanya, gabas da yamma duk ɗaya. Aka ce a ci kasuwa a nan. Doka ba ta ce a zauna ta nan ko ta can ba. Amma 'yan kasuwa ba sa son zama a warwatse. Da wata ta sauke kayanta, sai ta bayanta ta sauke kusa da ita, na uku ya bi, kafin hantsi layuka sun miƙe sun fuskanci gefe guda. Baƙon da ya zo da rana zai rantse doka ce ta ce a fuskanci can, alhali da za a watse a sake, wataƙila wani gefen za a fuskanta. To yanzu mai tafiya a cikin layi zai wuce fit, ba abin da ya tare shi. Mai son ratsa layukan kuwa, nan ya yi karo da kwando, can ya tsallake tabarma, in ka hango shi daga nesa sai ka ce dutse ya ɗauko. Ya ce haka duniya ta yi tun farkonta: doka ba ta fifita kowa ba, amma zaman da aka yi ya ɗauki gefe. Ɗan aiken haske yana bin layi, sauran suna ratsawa.

Na buga cinya na ce, “Ka ga magana! Da ka faɗi haka tun farko ai da mun sha fura.”

Ya ce, “Amma ka riƙe, Yaya, fili ne da babu komai a cikinsa. Kada ka sa masa sunan wani gari. Kuma nawa aikin yanzu za mu shiga.”

Ashe da saura. Ya ce abin da ake gardama a kai shi ne, su wane ne 'yan kasuwar nan da suka cika ko'ina? Wasu malamai sun ce wani sabon abu ne guda, shi kaɗai, ya mamaye duniya. Shi da wasu 'yan tsiraru suna ganin wataƙila ba haka ba ne. Wataƙila akwai wani ƙarfi dabam da ba a gano ba, mai tsananin riƙo, wanda ke kama 'yan mitsi-mitsin nan biyu-biyu ya sarƙe su kamar 'yan kokawa da suka shiga juna, har ba ka sanin ƙafar wane ce wannan. Waɗannan sarƙaƙƙun su ne suka cika ko'ina suka ja layukan. Matsalar, in ƙarfi mai sauƙi ne ana bin lissafinsa kaɗan-kaɗan, a kusanci amsa, kamar mai ƙirga ɗigon yayyafi. In mai tsanani ne kuwa kowa na jan kowa, 'yan aiken ma junansu suke riƙewa, sai hanyar lissafin ta rushe gaba ɗaya. A nan yake zaune, yana neman wata hanyar.

Na ce, “Wato kokawa ake yi a tsakiyar kasuwa.”

“A'a, 'yan kokawar su ne kasuwar.”

“To wa ke sayar da kaya?”

Ya dafe kai. Ni ma na dafe nawa. Muka yi ta wannan har bangon zaurena ya koma kamar an yi ɓarin gari. In na kama 'yan aike sai 'yan kokawa su kuɓuce, in na kamo su sai in manta wane ne mai rauni. Na gwada yi wa matata bayani tana tankaɗe, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in dai haka zan yi a Illo, gara ta fara yi wa ɗan kwastan barka. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Na ce wa kaina, gero da 'yan aike da kasuwa sun zauna mini, in na kai nan lafiya, kokawar sai abin da Allah ya yi.

Da muka koma Illo sai na tarar labari ya riga mu. Zauren ya cika da dattawan unguwa, har da wasu 'yan'uwansu da suka ƙetaro daga Dahomey, wai sun zo jin sana'ar da ba a gani. Na yi bisimilla na fara. Wallahi na yi ƙoƙari. Na raba gero har ya ƙare. Na tura 'yan aike. Da na ce ɗaya ba ya gajiya, sauran kuwa a bakin ƙofa suke zubewa, wani tsoho ya ce ai yana da jikoki irinsu, aka yi dariya, tsohon namu ma ya murmusa. Na ji kaina ya fara girma. Na ce a raina, ashe abin ba wuya, Auta ne ba ya iya magana.

Sai na shiga kasuwa. Na ce a ɗauka ga wani fili.

“Wane fili?” in ji tsohon.

“Wani fili dai, Baba. Babu komai cikinsa.”

“Na wa?”

“Ba na kowa ba ne.”

“Ƙasar ga akwai filin da ba na kowa ba?”

Na ga fuskoki sun fara saki, wani ya fara neman takalminsa da ƙafa. Ɗan kasuwa ne ni, na san lokacin da mai saye zai juya baya. Kuma na san mutanenmu, ba sa sayen abin da ba shi da suna. Sai na ji bakina ya ce, “Kamar dai kasuwar Lolo. Kafin a fara cinta ai fili ne. Sai wani ya fara sauke kaya, kowa ya bi. To ba kome ko wa ya fara...”

“Tsaya nan,” in ji tsohon. Ya miƙe zaune sosai. “Ba kome? Lolo an san wanda ya fara zama. Kakata ta, da kwandon kifinta, ƙarƙashin tsamiya. Masu jirgi sunka riƙa tsayawa saye, kasuwa ta kafu.”

Na buɗe baki in ce misali ne kawai, Baffa ya riga ni. Shi Baffa tun da muka zo bai ce uffan ba, ashe ajiyar ƙarfi yake.

“Wace kakar taka? Kakanmu ya taso da goro daga Gwanja, ya ɗaure jakinai ga tsamiyar nan, ko tsuntsu babu bisanta. Kifi daga baya ya biyo ƙamshin goro.”

“Goro ƙamshi garai? Mu munka ba ku wuri don tausai, kuna baƙi, rana na kashe muku kaya!”

“Aro kunka ba mu ke nan? To ina shaidu?”

“Ga su nan zaune!”

Duk zauren ya ɗauka. Wanda ke neman takalmi ya fasa tafiya. Rabin maganar ta koma Dandanci, wanda nake ji sama-sama, amma zagi ko da wane harshe aka yi shi ana gane shi. Ashe wannan rigima tun zamanin kakanni take kwance, an binne ta ba a yi mata salla ba, ni kuwa na gaji inuwar ina zaune a kai ban san kabari ba ne. Ina ta ɗaga hannu ina cewa, “Jama'a, saura 'yan kokawa! Ban zo kan ainihin aikin ba!” Wani ya ce in kokawa nake so a fita waje. Daga ƙarshe tsohon ya sa ƙafa ya turo ƙwaryar goronmu gabana. Muka fito ba ko rakiya.

A hanya Baffa sai huci yake yana jin daɗi, wai ya daɗe bai faɗa wa Dandawa gaskiya ba. Ni kuwa ina tunanin fuskar da zan tarar a gida.

Auta ya saurare ni har na gama. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce a hankali, “Yaya, ai na ce fili ne da babu bishiya.”

“Na ji ka ce.”

“In akwai bishiya misalin ya lalace. Kowa inuwa zai nufa, gefen ba ɗaya ba ne ke nan.”

“Yanzu misalin ne ya dame ka? An dawo mana da goro, kai kana jimamin misali?”

Ya tashi ya fita. Kwanakin da suka biyo baya ko allin bai taɓa ba. Ya daina cin abincin kirki, sai ya tafi bakin kogi ya zauna. Na aika wa tsohon mutum, ya ce ba ya nan, alhali ɗan aiken yana jin tarinsa. Na roƙi Baffa ya je ya ba da haƙuri, ya ce sai dai a kai gawarsa. Aka kuma ce an ga keken ɗan kwastan a jingine a ƙofar zauren tsohon, inda muka ajiye takalmanmu.

Ranar wata kasuwa ina zaune sai ga yarinyar da kanta, ta yafa mayafi, ta tsuguna kamar mai zaɓen goro. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta yi ƙasa da murya.

“Yaya, neman aure aka aike ka, ka dawo da shari'ar kakanni.”

“Ƙanwata, bakina ne ya zame.”

“Ya zame da nisa. Na yi magana da Baba. Ya ce bayaninka ya gamsar da shi, yaro yana da sana'a, tunda har ta tara mutane ta kuma raba su. Abu ɗaya ya rage. Ka tsaya gaban sarkin kasuwa da jama'a, ka faɗa da bakinka cewa kakarsa ce ta fara zama.”

“Faɗa kawai?”

Ta ɗaga kai ta dubi rassan tsamiyar, ta dube ni. Nan take na gane. A kasuwa wanda ya yarda wani ya riga shi, ya yarda wurin na wancan ne. Kuma goro ba kifi ba ne. Banda ta riga ta sha wuta, rana ba ta da abin da za ta yi mata. Goro kuwa in ya ga rana sai ya yanƙwane kamar fuskar Baffa.

Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce ita tana da shi, hadari ne ba shi da shi. Ta ɗauki goro ɗaya, mafi kyau a faifan, ta tafi.

Na so in ƙi. Na zauna ina ƙirƙiro dalilai, kowanne da ƙafafunsa. Wurin kakana ne. Baffa zai tsine mini. Ba ni na ce yaro ya je ya koyi aikin da ba a iya faɗa ba. Da di'o ya zama, da tuni an sha biki ina cikin inuwata. Amma duk dalilin da na ɗauko, sai in hango Auta a bakin kogi yana jifan ruwa da tsakuwa, mutumin da ya ƙetare teku ya dawo, magana ɗaya tak ya roƙe ni in riƙe masa.

Kasuwar da ta biyo na sa babbar rigata. Aka kira sarkin kasuwa, tsohon ya zo da mutanensa har da na ƙetare, su mahauta suka bar nama ga ƙuda suka matso. Na ce, “Jama'a, ku shaida, kakar wannan dattijo ita ta fara sauke kaya ƙarƙashin tsamiyar nan.” Tsohon ya sa hannu a kunne ya ce iska ta ɗauke, in ƙara. Na ƙara, har masu jirgi suka ji. Ban san ko gaskiya na faɗa ba, har yau ban sani ba, kuma na tabbata shi ma bai sani ba. Ya kama hannuna ya ce a mayar da goro Illo, ya karɓa.

Baffa bai sake yi mini magana ba sai ranar ɗaurin aure, shi ma cewa ya yi in matsa in ba shi wuri. Aka ɗaura kafin ruwa ya sauka.

Ni kuwa aka ba ni wuri a bakin layin maƙera, inda rana ke fara sauka ta kuma yi sallama a ƙarshe, ga zafin zuga a bayana. Na kafa rumfar zana, iska ta kwashe, na sake kafawa. Na ninka ganyen rufi, na ninka ruwan yayyafi, duk da haka kafin la'asar goron sama ya fara tsufa a gabana.

Ana gab da tafiyarsu Auta ya zo kasuwa yi mini sallama. Ya tsuguna gefena yana share gumi, ya ce bai san da bakin da zai gode mini ba. Sannan ya ce, “Yaya, ban tambaye ka ba. Da ka zo kan ƙarfin nan mai tsanani, me Baba ya ce? Ya gane?”

Kafin in ba shi amsa sai muka jiyo muryar tsohon daga ƙarƙashin tsamiya. Yana kishingiɗe a daidai inda nake shimfiɗa buzuna, kwandunan banda kewaye da shi, wasu fatake daga Dahomey sun tsaya suna tambayarsa labarin sabon suruki.

“Babban malami na!” yake cewa, yadda kowa zai ji. “Turawa sunka ɗauke shi takanas, shina binciken wanda ya fara zama kasuwa. Shekara da shekaru shina lissafi. Kuma ya gano. Mu na!”

Auta ya miƙe zumbur, idonsa waje. “Yaya, ka ji abin da yake faɗa? Wannan ba aikina ba ne! Ko kusa! Dole a gyara masa.”

Na kama gefen rigarsa na jawo shi ƙasa. Na ce, “Wa zai gyara? Kai ba ka isa ka tsaya gabansa ba, ni kuwa ba ni da wata tsamiyar da zan bayar. Zauna.”

Ya zauna yana ƙunƙuni, wai ko 'yan kokawar ba a ambata ba, wai su ne gaba ɗayan maganar. Na miƙa masa gwangwanin ruwa na ce ya yayyafa ta gefensa, goron can ya fara bushewa.